Inuwar Yaya a Bakin Lif

Mazari ne ya fara lura cewa Yaya ta dawo gida ba inuwarta.

Da safe ne, tana shanya a baranda. Rana ta zana igiyar shanya a ƙasa, ta zana bokiti, ta zana har rigar da Yaya ke yarfewa, inuwar rigar tana lilo ita kaɗai kamar ba wanda ya riƙe ta. Amma inda ya kamata a ga mace tsaye, babu komai sai siminti fari tas. Ga zafi ya fara, ita kuwa rigar sanyi biyu ne a jikinta.

"Yaya, jikin ne?"

"Sanyi nake ji tun shekaranjiya," ta ce. Sai ta tsaya da rigar a hannu tana kallon ƙofar maƙwabta. "Wai matar nan da ta gaishe ni ɗazu, wace ce?"

"Maƙwabciyarmu ce fa, Yaya. Ita ta yi jinyarki bara."

"Allah sarki. Da alama tana da kirki."

Mazari ya juya ya shiga falo da takalminsa, ya taka inda ta goge yanzun nan, ƙasan ma bai bushe ba. Ya tsaya yana jira, wuyansa a noƙe. Tun da iyayensu suka rasu Yaya ce ta raine shi, da kuɗin shara da goge-goge, kuma abu ɗaya ne ba ta yafewa a duniya: a taka mata jiƙaƙƙen ƙasa da takalmi. Abokansa ma sun ce kunnensa na hagu ya fi na dama tsawo saboda ja.

Yaya ta leƙo, ta kalli sawun takalmin, ta kalle shi, ta koma shanyarta.

Wannan ya fi rashin inuwar tsorata shi. Ya fita da gudu.

Yaya ta san ƙanenta yana koyon gyaran lif, wato na'urar hawa bene, kuma ta gode wa Allah, don wannan ne aikin farko da ya wuce wata bai bari ba. Ya yi kanikanci ya gudu, ya sayar da waya ya gudu, ya yi wankin mota mai motar bai dawo ya same shi ba. Ko zaune yake ƙafarsa na rawa, shi ya sa aka laƙaba masa Mazari. Abin da Yaya ba ta sani ba shi ne, shagon gyaran lif ɗin fuska ce kawai. A bayan tarin wayoyi da tsofaffin ƙofofi akwai matakala da ke sauka ƙasa, can ne ofishin da ake kira Sashen Ɓoye, wanda ba shi da allo a kan titi, ba a kuma faɗin sunansa a rediyo.

Aikinsu da mutanen ɓoye ne. Tun da aka sare manyan bishiyoyi, aka cike tsofaffin rijiyoyi, aka rushe kangaye aka tsayar da benaye masu taɓa gajimare, mutanen ɓoye suka rasa wurin zama, suka koma cikin ramukan lif da tankunan ruwa da ɗakunan injina. Yawancinsu ba ruwansu da kowa. Amma wasu sun ga 'yan Adam sun ƙera butum-butumi suna yi musu aiki, sai su ma suka so masu aiki. Inuwar ƙarfe ba ta da amfani a wurinsu, don haka suke kwashe ta mutane. Wanda aka cire wa inuwa sanyi zai fara ji, sannan ya fara manta mutane ɗaya bayan ɗaya, daga na nesa zuwa na kusa. In ya manta mutum na ƙarshe da ya fi so, ko an dawo da inuwar ba za ta kama jikinsa ba.

Mazari ya sauka matakalar yana tsallake ta biyu biyu. Ya tarar da Anti Filaya, babbar jami'ar sashen, tana shan shayi. Mace ce gajeruwa kakkaura, ta manyanta, kuma ba a taɓa ganinta ba filaya a aljihun rigar aikinta ba. Kusa da ita Mai Firiji ne, wani tsoho mai ƙorafi da ke kula da na'urar zare inuwa da firijin da ake ajiye inuwar jami'ai.

"Anti, sun ɗauke inuwar yayata!"

"Ba sallama, ba gaisuwa?" in ji Mai Firiji. "Ko ita ma sun ɗauke?"

Anti Filaya ta ajiye kofi. "A ina take aiki?"

"Dogon benen nan na kamfanin magani, mai lif na gilashi a jikin bango."

Anti ta kalli Mai Firiji. "Ka ji ko? Masu shara biyar kenan daga gini ɗaya. Na ce maka lif ɗin yana tsayawa a hawan da babu shi a jikin maɓallai." Ta juyo ga Mazari. "Wa ta manta zuwa yanzu?"

"Maƙwabciyarmu. Kuma na taka mata ƙasa da takalmi ba ta ce uffan ba."

"Bayan maƙwabciyar, wa ya rage mata?"

Mazari ya nuna ƙirjinsa. "Ni."

"To yau za mu je, ba gobe ba."

"Ni zan shiga, Anti. A zare min tawa yanzu."

"Kai za ka riƙe ƙofa."

Mai Firiji ya tuntsire da dariya har tari ya kama shi. "Wannan? Wannan zai riƙe ƙofa? Jiya na ɗora masa kofin ruwa a ka na ce ya tsaya, kafin in juyo ya yi wanka! Ki jira mai riƙon ƙofarki na kullum ya fito daga asibiti mana."

"Kafin ya fito, yarinyar mutane ta manta sunanta. Kai za ka riƙe min?"

"Da wannan gwiwar?"

"To rufe min baki ka kunna injin."

Haka Sashen Ɓoye ke aiki tun kafuwarsa, kuma Mazari ya sani. Mutum biyu ake fita. Mai shiga yana barin inuwarsa a firiji, don kada mutanen ɓoye su sami abin kama shi. Mai riƙe ƙofa kuwa da tasa yake zuwa. Zai tsaya a bakin ƙofa, rana a bayansa, inuwarsa ta faɗa ciki ta zama gada. A kanta mai shiga zai dawo, a kanta inuwoyin da aka sace za su fito. Muddin tafin ƙafafunsa biyu na manne da ƙasa, ba mai iya fizge ta. Idan ya ɗaga, gadar ta tsinke, na ciki ya zauna ciki.

"Anti, ki duba fa," Mazari ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Gudu na iya. Tsalle na iya. Tsayuwa ce kawai ban iya ba."

"Na sani. Shi ya sa ban tambaye ka ko ka iya ba. Yayarka ce ko tawa?"

Ta hau kan farantin na'urar. Wani haske ya bi ta daga kai zuwa ƙafa kamar na injin ɗaukar hoton takarda, inuwarta ta sulale ta shige wani kwano. Mai Firiji ya rufe, ya tura cikin firiji yana gunaguni. Anti ta zura rigar sanyi, ta rataya filas guda biyar irin na shayi, ta ɗauki katuwar lemarta. Duk jami'in da ya bar inuwarsa da lema yake yawo, don inuwar lemar ta rufe masa asiri a titi.

Suka hau bas marar direba bayan azahar. Mazari bai zauna ba duk da ga kujeru. Yana kama wannan ƙarfe yana saki, yana leƙa taga, yana buga ƙafa.

"Yi ta yi," in ji Anti. "Ka ƙarar da ita tun a nan."

A ƙofar benen, maigadi ya ga rigunansu na masu gyara ya ɗaga hannu sama. "Sai yanzu? Wannan lif ɗin ya ishe mu. Ga butum-butumin shara can jere a bango, ko ɗaya ba ya yarda ya shiga, da ya iso bakin ƙofa sai ya mutu. Shi ya sa aka koma ɗaukar mutane. Su ma sai su yi kwana kaɗan su daina zuwa. Madam, lema a cikin gini?"

"Ciwon ido, ɗan'uwa. Ka rufe mana lif ɗin, kada kowa ya kira."

Lif ɗin a jikin bangon yamma yake, bayansa gilashi ne tun daga sama har ƙasa. Suna hawa, gari yana yin ƙasa, rana na dukan gilashin. Anti ta kwance murfin maɓallai da filayarta, ta saurara kamar likita, ta matse wata waya. Lif ya tsaya da ƙarfi a tsakanin hawa biyu, inda bango ne ya kamata a gani.

Ta ɗauko alli. "Juya wa rana baya. Buɗe ƙafa kaɗan. Haka." Ta durƙusa ta zagaye takalmansa da alli. Ta miƙe ta nuna masa wani dogon bene da ke tsallaken titi. "Ka ga wancan? In rana ta faɗa bayansa, inuwarka ta mutu, ƙofa ta rufe. Fitila ba ta ci a nan, rana ce kaɗai gare mu. In ka ga inuwar benen ta hau ƙafarka ban fito ba, ka bar ƙofar ta rufe, ka danna ƙasa ka tafi."

"In bar ki?"

"Ka ji abin da na ce. Kuma kada ka wahalar da bakinka kana kiran yayarka. Inuwa ba ta jin magana. A ƙasa take rayuwa, abin da ya taɓa ƙasa kawai take ji."

Ta danna. Ƙofa ta buɗe.

Wani dogon korido ne, wato lungun cikin gini, kamar na kowane ofis, sai dai babu ƙofofi a gefe, kuma ƙarshensa ba ya ganuwa. Ƙasansa na sheƙi, a jiƙe. Sanyi ya busa musu, mai warin sabulun goge ƙasa. Inuwar Mazari ta tsallake dokin ƙofa ta kwanta a ciki. Anti ta ajiye lema, ta taka inuwar daga ƙafa zuwa kai, ya ji kowane takunta a ƙirjinsa, sannan ta sauka ta nutsa cikin duhu.

Da farko abin da sauƙi. Sai gumi ya fara gangaro masa ta bayan kunne, ya bi wuya, ya shiga riga. Ya ƙyale shi. Sai ƙaiƙayi ya tashi a tafin ƙafarsa ta dama, daidai tsakiya, inda ba ya sosuwa sai an cire takalmi. Ya cije leɓe. Ƙaiƙayin ya koma kamar tururuwa sun cika safarsa suna hawa. Ya san ba tururuwa ba ne. Daga gefen koridon, inda hasken rana bai kai ba, wasu abubuwa ne suke motsi, marasa fuska, suna matsowa suna shinshina gefen inuwarsa. Ɗaya ya kai yatsa ya yi wa inuwar cakulkuli a haƙarƙari. Mazari ya banƙare, dariya da kuka suka haɗu a maƙogwaronsa, amma ƙafafun ba su motsa ba.

Da suka ga haka sai suka kawo kiɗa. Ba ta kunne ya shigo ba, ta ƙasa ya biyo, ya shiga dugadugansa, irin kiɗan da in ya ji a bakin titi ba ya iya wucewa. Gwiwoyinsa suka fara karkarwa da kansu. Sai ya saki komai daga ƙugu zuwa sama. Kafaɗu suka yi rawa, kai ya yi rawa, hannaye suka yi ta kaɗawa kamar mai korar ƙudan zuma, haƙora na kaɗawa. Ƙafafun kuwa ya danne su kamar an kafa da ƙusa.

"Ku kaɗa!" ya ce da ƙarfi. "Ku ƙara ma! Sama taku ce, ƙasa tawa!"

Rana ta yi ƙasa. Inuwarsa ta ƙara tsawo, kanta ya yi nisa cikin koridon. Cinyoyinsa suka fara zafi, daga baya ya daina jin su. Ya waiga ta gefen ido, ya ga inuwar benen tsallake ta cinye titi, ta fara hawa jikin gininsu.

Can sai ga inuwa ta farko ta taho, ta wani mutum mai tsintsiya, tana sauri. Ta hau kan tasa. Nauyinta ya sauka masa kamar an ɗora masa buhun siminti a kafaɗa. Ta wuce, ta shigo lif ta laɓe a kusurwa. Ta biyu ta biyo, ta uku, ta huɗu. Kowace ya duba, kowace ba ita ba ce. Ya san tsayuwar Yaya ko a cikin dubu: kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka, saboda ɗaukar bokiti.

A bayansu Anti Filaya ta fito tana haki, leɓunanta sun yi fari don sanyi, hannun rigarta a yage. Ta faɗo cikin lif, ta buɗe filas huɗu, inuwoyin suka shige ɗaya bayan ɗaya. Na biyar na rataye a kafaɗarta ba komai a ciki.

"Ina take?"

"Ga ta can." Anti ta nuna.

Ya gan ta. Tana gab da inda kan inuwarsa ya ƙare, ta juya baya, riƙe da mofa, sandar goge ƙasa, tana gogewa. Ta goge nan, ta matsa, ta goge can. Abubuwan nan marasa fuska suna bi a hankali suna zubar da ƙasa a gabanta, ita kuwa tana bi tana gogewa.

"Sauran da na nuna musu hanya, jifa suka yi da tsintsiya," in ji Anti. "Ita kuwa na ja ta, na tura ta, na ƙwace mofar ta ƙwace abarta. Sai nuna min take inda bai gogu ba. Ba za ta bar aiki rabi ba, su kuma ba za su bari ya ƙare ba. Wace irin mace ce yayar nan taka?"

"Haka take."

"Ka duba bayanka, ɗana."

Inuwar benen ta iso gilashin lif ɗin. Ta shigo, ta kwanta a ƙasa, tana matsowa wajen dugadugansa.

"Na yi iyakar yi na," Anti ta ce a hankali. "In muka ƙara jinkiri, waɗannan huɗun ma sun tafi, da ni da kai. Zan rufe."

"Kada ki taɓa maɓallin nan, Anti."

"Mazari."

"Kin ce abin da ya taɓa ƙasa take ji."

"Na ce."

"To riƙe ni."

Anti ta kalli jiƙaƙƙen ƙasan da ke bayan dokin ƙofa, ta kalli takalminsa da ya kwaso ƙurar gari, ta gane. "Kai, mahaukaci ne? In ka ɗaga ɗaya, rabin ƙarfinka ya tafi. In ka sa ta ciki, za su ja ka gaba ɗaya."

"Shi ya sa na ce ki riƙe ni."

Ta yi tsaki, ta zagi ranar da ta ɗauke shi aiki. Sannan ta zaro filaya, ta damƙe bel ɗinsa ta baya, ta saƙala ɗaya hannun a ƙarfen da ake dafawa a jikin lif, ta kafa ƙafafu. "Ƙafar hagu ko motsi ta yi, ni da kaina zan cire ta."

Mazari ya tattara duk nauyinsa a ƙafar hagu. Ya ɗaga ta dama, wadda ta yi nauyi kamar ba tasa ba, ya tsallake dokin ƙofa, ya buga ta a kan jiƙaƙƙen ƙasan. Caɓal! Ya murza, ya ja, ya bar wani baƙin sawu mai faɗi a inda yake sheƙi.

Sanyi ya kama ƙafar har gwiwa. Abubuwan suka yi caa a kanta, hannaye barkatai, suna ja. Bel ya shige masa ciki, ya ji Anti na nishi a bayansa.

Mofar ta tsaya.

Inuwar Yaya ta miƙe a hankali. Ta juyo. Ta kalli sawun, ta kai hannu ɗaya ta riƙe ƙugu. Ko babu fuska, Mazari ya san irin kallon. Ba ta ma yi tafiya mai nisa ba, don kan inuwarsa na kwance a gabanta. Ta sunkuya ta cafke kunnen hagu.

"Wayyo! Yaya!" Zafin ya ratsa shi har tsakar ka, hawaye suka zubo, yana dariya. "Ta kama, Anti! Wallahi ta kama!"

"To jawo ta mana, sakarai!"

Ba ya iya ja da baya. Sai ya fara durƙusawa a kan ƙafa ɗaya. Yana yin ƙasa, inuwarsa na gajarcewa, kanta na dawowa wajen ƙofa, Yaya na biye da shi riƙe da kunne, mofa a ɗaya hannun tana kai masa duka. Dole ya yi a hankali, don in ya yi sauri kunnen zai suɓuce mata. Shi da bai taɓa yin komai a hankali ba. Gwiwarsa ta hagu na rawa kamar za ta karye, ana jan ta dama, ana jan kunne, ana jan bel, shi kuma yana sauka kaɗan kaɗan. Inuwar benen ta hau diddigensa. Ta hau ƙwaurinsa. Ƙofar lif ta fara motsi.

"Saura kaɗan," in ji Anti ta cikin haƙora. "Kada ka yi gaggawa. Saura kaɗan."

Ya dunƙule gaba ɗaya, goshinsa a kan gwiwa. Inuwar Yaya ta tsallako dokin ƙofa.

Anti ta fizge shi da dukkan ƙarfinta. Ƙafar ta fito, takalmin ya zauna a hannun abubuwan nan. Ƙofa ta rufe garam, su biyu suka zube a ƙasan lif. Inuwar Yaya na tsaye a kansu, har yanzu tana nuna ƙofar, tana nuna shi. Da ƙyar Anti ta lallaɓa ta ta shiga filas.

Ƙafar Mazari ta dama ba ta jin komai, kunnensa kuwa kamar an sa garwashi.

"Tun da nake aikin nan," Anti ta ce, "ban taɓa ganin mai riƙe ƙofa ya karya doka biyu a lokaci ɗaya ba."

"Ta hagu ba ta motsa ba, Anti."

Ta duba. Takalmin hagu na nan cikin zanen allinsa, bai goge ko gefe ba. Sai ta danna maɓallin ƙasa. Ta cire filas na biyar ta rataya masa a wuya, ta zura masa guntun allin a aljihu.

"Allin nan naka ne yanzu, kada ka ɓatar. Ni zan kai huɗun. Kai ruga, ka zuba mata a ƙafa, a cikin rana, kafin ta faɗi. Yanzu kam ga inda gudunka zai yi amfani."

Bai jira bas ba. Ya bi ta lunguna, takalmi ɗaya, safa ɗaya, yana ɗingishi yana gudu, filas na dukan ƙirjinsa. Mutane na kauce masa suna zagi. Yana gudu ƙafar na dawowa, da zafi kamar ana soka allura.

Ya tarar da Yaya zaune a baranda, lulluɓe da bargo. Saura ɗan yankin rana a kan siminti, daidai ƙafafunta. Ta ɗago ta kalle shi, kallon baƙo.

"Bawan Allah, wa kake nema?" Ta ɗan karkata kai. "Kamar na san ka."

"Kin san ni, Yaya. Kawo ƙafarki."

"Me za ka yi da ƙafata?"

"Magani ne na sanyi. Daga asibiti aka aiko ni."

Ya durƙusa, ya kwance murfin ya tuntsurar da filas ɗin. Inuwar ta zubo kamar baƙin mai, ta taru a kan siminti, ta tsaya. Ba ta kama ba. Ta yi ta kewaya yatsun Yaya kamar mai neman ƙofa. Mazari ya riƙe idon sawunta da hannu biyu, ya danne tafin ƙafarta a ƙasa, bai ko numfasa ba. Ranar ta ragu ta koma kamar faɗin hannu.

Sai inuwar ta shige ƙarƙashin dugaduganta ta manne, ta miƙe a bango: mace zaune, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka.

Yaya ta yi atishawa. Ta yaye bargon. "Kai! Wa ya lulluɓe ni da wannan a zafin nan? So ake a dafa ni?" Ta kalli ƙasa. "Mazari, me kake yi min a ƙafa? Kuka kake?"

"Ƙura ce, Yaya."

"Ina ɗaya takalmin?"

"Ya faɗa ramin lif."

"Ramin lif. Sabon takalmi. Kai dai ba za ka taɓa yin hankali ba. Ba dai korarka suka yi ba?"

"A'a. Ƙarin matsayi ma aka yi min."

"Na me?"

"Tsayuwa a bakin ƙofa."

Yaya ta kwashe da dariya har tana dukan cinya. "Kai? Tsayuwa? Allah ya jiƙan wannan ƙofa." Ta miƙe, ta ɗauki bargon, ta leƙa falo. Dariyar ta ɗauke. Sawun takalmin safe na nan ya bushe a tsakiyar ɗaki.

"Wane ne ya taka min nan?"

Mazari ya ga hannun na zuwa. Ga ƙofa a buɗe, ga matakala, kuma ƙafarsa ta dawo sosai. Ya tsaya inda yake, ya juya mata kunnen dama.

"Wannan, Yaya, don Allah. Na hagun ya karɓi nasa yau."